Na'urar saikulotiron: Me ya sa nisa ke hana masu cutar daji samun gwaji?

A Malam Madori da sauran garuruwan fadamar Kogin Hadejia, tsargiya tsohuwar cuta ce ga masunta da masu noman rani. Likitoci sun tabbatar cewa idan ta daɗe a jiki tana iya haddasa cutar dajin mafitsara.

To sai dai sanin inda cutar daji ta bazu a jiki kan buƙaci hoton PET, wanda ya dogara kan wata na'ura da ake kira saikulotiron.

Masanin kimiyya ɗan Amurka, Ernest Lawrence, shi ne ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1930, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1939. Na'urar kan yi amfani da maganaɗisu da lantarki ta riƙa kewaya ƙwayoyin zarra har su yi gudun gaske, sannan ta harba su.

Abin da ake harbawa iri-iri ne. Akwai ƙwayar furoton, wadda aka fi amfani da ita a asibitoci, da ditaron, da kuma alfa, wadda ake samar da sinadarin astatin-211 da ita. Ita kuwa nutiron ba ta da cajin lantarki, don haka sai an harbi ƙarfen beriliyom kafin ta fito. Cibiyar iThemba da ke Afirka ta Kudu ta shafe shekaru tana jinyar masu cutar daji da furoton da nutiron.

A nan Najeriya, batun furoton ne ya fi shafar talaka. Idan aka harba shi cikin ruwa mai iskar oksijin-18, sai a sami fulorin-18, wanda ake yi wa majinyaci allurarsa kafin ɗaukar hoton.

Matsalar ita ce rabin ƙarfin sinadarin kan gushe a duk minti 110. Bayan sa'o'i shida, abin da ya rage kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Ke nan ba kaya ba ne da za a sayo a ajiye. Dole na'urar ta kasance kusa da majinyaci.

A Legas aka fara wannan gwaji a ƙasar, a wata cibiya mai zaman kanta. Ga manomin da ya sayar da buhunan shinkafa kafin ya kai Kano ma, wannan tafiya ce da ta fi ƙarfinsa.

Ba wai Arewa ba ta da masana ba. Tun 2004 cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ke sarrafa ƙaramar tukunyar nukiliya, ko da yake aikinta bincike ne da horaswa, ba samar da fulorin-18 ba.

Amma sayen na'urar shi ne mafi sauƙi a lamarin. Tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa, da injiniyoyin gyara, da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. Idan har za a kafa ta, Kano ce ta fi dacewa, domin majinyaci daga Hadejia, Gumel ko Nguru zai iya zuwa ya koma gida a rana guda.