Ra'ayinmu: Kallon Gida Daban, Cinikin Gida Daban

Dogon hutu ya ƙarato, kuma mun san abin da yake zuwa da shi. Da zarar an miƙa sakamakon jarrabawa an rufe makarantu, sai a riƙa ganin malamai biyu-biyu a kan babur da la'asar sakaliya, dillali na gaba suna biye, ana zagaya bayan gari. Nan fuloti ne, can kango ne da mai shi ya kai linta ƙarfinsa ya ƙare, gaba kaɗan kuma gida ne mai ɗaki uku da rijiya, wai mai shi zai koma Gusau. Da yawa daga cikin masu wannan zagaye ba su da ko rabin kuɗin abin da suke kallo. Wasu na yi musu ba'a, wai sun tafi cin kasuwa da aljihu wayam. Mu ba ma cikin masu ba'ar, amma muna da magana da 'yan'uwanmu kafin a kunna babur.

Kowa ya san abin da ke tura malami neman muhalli a wannan yanki. Shekarun rashin tsaro sun tayar da iyalai masu yawa daga ƙauyukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, suka kwararo cikin manyan garuruwa. A cikinmu akwai wanda aka haifa a Sakajiki, gidan gadonsa na can, gonarsa na can, amma yau iyalinsa na zaune a ɗaki biyu na haya a Ƙaura, shi kuma yana kai da komo zuwa makaranta da zullumi a zuci. Masu neman haya sun yi yawa, gidajen ba su ƙaru daidai da su ba, don haka kuɗin haya ke hawa, kuma ran da mai gida ya ce ɗansa zai yi aure yana buƙatar wurinsa, ba ka da ta cewa. Ga shekaru na tafiya. Ko da dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, ranar ajiye alli dai tana nan tafe, kuma babu mai son ta riske shi a gidan wani. Wanda duk ya yi mafarkin ƙofar gida tasa ta kansa bai yi laifi ba.

Za mu ƙara da cewa fara dubawa tun kuɗi ba su taru ba yana da amfani, muddin an san dubawa ake yi. Gani ya kori ji. Malamin da ya yi shekara guda yana leƙa filaye yana tambayar farashi, ran da ya tashi saye ba a yi masa wayo da sauƙi, domin ya san abin da aka sayar da na kusa da shi bara. Zagayen kuma yana mayar da buri lissafi. Maimakon a zauna ana cewa wata rana za mu yi gida, sai mutum ya san ga abin da fuloti mai ƙafa 50 da 50 yake kaiwa a unguwa kaza, ga abin da yake da shi, ga watannin da suka rage masa in ya dage.

Wannan hutu ma shi ne lokacin da ya fi dacewa da kallo, domin ya faɗo a tsakiyar damina. Filin da ya yi shimfiɗe gwanin sha'awa a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Wanda ke son wuri a Ƙaura ya je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwa yake bi kafin ya gangara gulbin Gagare, ya ga inda yake kwanciya, ya dubi gindin katangun maƙwabta ko sun sha laima. Ya koma da dare ya ji yadda unguwar take, ya tambayi inda ake ɗebo ruwan sha da nawa ake sayar da jarka da bazara, ya auna tazarar wurin da makarantar da yake koyarwa da wadda 'ya'yansa za su shiga. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin gida, kuma a halin da muke ciki wannan magana ta ƙara nauyi. Fili mai araha a can ƙarshen gari, inda babu gida gabas babu gida arewa, arhar tasa tana da dalili.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da kallo yake rikiɗewa ya koma ciniki ba tare da mutum ya ankara ba. Ido ya gani, zuciya ta ƙyasa, dillali ya ce akwai wani ɗan kasuwa da zai kawo kuɗi gobe da safe, sai malam ya ji kamar ƙasa za ta ƙare. Mun ga wannan da idonmu ga wani abokin aikinmu. Ya fita ne da niyyar raka wani, ya ga gida ya yi masa, aka taya aka sallama a tsaye. Ya kwashe kwasar adashinsa, mai ɗakinsa ta sayar da tumakinta biyu, aka haɗa aka ba da kafin alƙalami, a kan zai cika cikin wata uku. Abin da ya dogara da shi wasu kuɗaɗen ariya ne da aka daɗe ana cewa za a biya, da kuma amfanin gonar da bai riga ya girbe ba. Wata uku suka cika, ariya ba ta fito ba, gonar kuma ba ta shigu ba a wannan shekara. Mai gida ya sayar wa wani. Sai da dattawan unguwa suka sa baki kafin a maido masa da wani abu daga kuɗinsa, kaɗan-kaɗan, har suka narke a cefane. Tumakin ba su dawo ba, kuma an daɗe kafin walwala ta dawo a gidan nan.

Cutarwar ba ta tsaya ga mai saye kaɗai ba. A wannan zamani da wuya mutum ya ɗaga gidansa ko filinsa don nishaɗi. Wani asibiti ne ya tasa shi gaba, wani bashi, wani kuma abin da bakinmu ba ya son faɗa ne ya faɗa wa iyalinsa, yana neman kuɗi cikin kwanaki ƙidayayyu. Wanda ya taya irin wannan mutum alhali ya san ba shi da abin biya, ya sa shi ya sallami masu saye na gaskiya yana jiran gawon shanu, ya ɗauki alhaki. Haka kuma idan malamai biyar suka taya fili ɗaya don gwaji, dillali zai gaya wa mai shi cewa mutane na rububi, farashi ya tashi, kuma mai yiwuwa wanda zai biya wannan ƙari malami ne na shida da ya zo da kuɗinsa a hannu. Addininmu ya hana taya kaya ba da niyyar saye ba don farashi ya hau, ya kuma hana shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla. Shi ma dillali da la'ada yake ci da iyalinsa. In kallo ya kawo ka, faɗa masa tun farko, ka sa masa mai a babur, ku rabu da mutunci.

To, yaushe ne za a ce mutum ya shirya? A ganinmu sai ya iya amsa wasu tambayoyi ba tare da kame-kame ba.

Ta farko ita ce ta kuɗi. Shin suna hannu, ko kuwa suna bakin wani? Alkawarin ƙarin girma, ariyar da ba ta shigo asusu ba, hatsin da ke gona, duk ba kuɗi ba ne sai sun zo. Kuma farashin da aka faɗa ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Akwai la'ada, akwai na shaidu da takardu, akwai awo, akwai aƙalla kafa harsashi ko kewaye don kada a wayi gari maƙwabci ya ci iyaka. Mun ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin dakon komai. In kuwa rance za a ci, shawararmu ita ce kada abin da za a riƙa cirewa duk wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma kowace uwargida ta san ranar wata da kwanon masara yake ƙarewa.

Ta biyu ita ce ta mallaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da aka ayyana na birni gwamna ke ba da izinin zama a kansu, na karkara kuma ƙaramar hukuma, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar hukumar da abin ya shafa. Idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai. Saboda haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu tana da muhimmanci ƙwarai, amma ba ta ɗauke wa mutum zuwa ofishin filaye ya tambaya ko wurin ya faɗa kan hanya, ko filin makaranta, ko burtali, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Filin gado kuma a yi hattara da shi. In ba a raba ba, sa hannun babban wa kaɗai bai wadatar ba, domin ƙanwar da ke aure a Shinkafi da ƙanen da ke ci-rani a kudu duk suna da haƙƙi, kuma alƙali zai saurare su ko bayan shekara goma. Wanda yake nesa kuma kada ya sayi wuri ta waya don an turo masa hoto. Ba a cinikin biri a sama.

Ta uku ita ce ta iyali da aiki. Gida na masu zama cikinsa ne, kuma mai ɗaki ita za ta wuni a ciki, ita ta san wahalar ruwa da ta nisan asibiti. A yi shawara da ita tun kafin a taya, balle in da guminta a cikin kuɗin, wanda in haka ne adalci shi ne a rubuta rabonta. Malamai mata da ke saye da albashinsu su ma su tabbata sunansu ne a takarda. Sannan kowa ya tuna cewa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma na iya yi masa canjin wurin aiki a kowane zango.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce farashi ba ya jiran kowa, hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuɗin da aka ajiye narkewa suke yi, wanda ya ce sai ya shirya tsaf zai mutu bai saya ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a naɗe hannu ba. Abin da muke cewa shi ne mutum ya sayi abin da zai iya biya gaba ɗaya. Rabin fuloti da aka biya aka karɓi takarda ya fi gida mai ɗaki uku da aka ba da kafin alƙalami aka kasa cikawa. Wanda bai kai ga haka ba yana iya mayar da tarinsa abin da ba ya narkewa da sauri, kamar kiwo, ko hatsi da kaka, ko bandir na kwano da za a jingine a zaure. Iyayenmu ɗaki-ɗaki suka gina gidajen da muka girma a ciki, bana a yi ɗaya, baɗi a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan ƙungiya, domin malami ɗaya a gaban dillali ba shi da ƙarfi, amma malamai talatin da suka haɗa kuɗi ta ƙungiyar gama kai suna iya sayen gona guda a wuri amintacce, a kira ma'auni ya yanka, a fitar da hanyoyi, a yi takardu a lokaci ɗaya. Muna kira ga shugabannin reshe su kafa ƙaramin kwamiti na mutanen da aka yarda da amanarsu, wanda duk mai shirin saye zai iya tuntuɓa kafin ya ba da ko kwabo, kuma a riƙa karanta lissafin duk wani asusu a gaban taro. Muna kuma so a bi mana kadin Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa dominsa, a kan zai iya samun rancen gida mai ruwan kashi 6 cikin 100 da za a biya har tsawon shekara 30. Duk wanda ya ga ana cire masa ya nemi lambarsa da bayanin abin da ya tara, domin haƙƙinsa ne, kuma ana mayar wa wanda bai ci rancen ba bayan ya yi ritaya. Da yake yawancinmu ba za su kusanci rance mai ruwa ba, ya kamata uwar ƙungiya ta jiha ta matsa a samar wa malamai hanyar da ba ta da riba, irin wadda bankunan Musulunci suke bi tun da Jaiz ya fara aiki a 2012.

Saboda haka, 'yan'uwa malamai, wanda ya so zagayawa a wannan hutu ya zagaya. Ya tafi da littafi da biro kamar yadda yake shiga aji, ya rubuta farashi, ya rubuta inda ruwa ya kwanta, ya dawo gida su zauna da iyali su yi lissafi. Amma ya bar katin cirar kuɗi a gida, kuma kada ya ce ya saya sai ranar da zai iya biya. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da ƙauyukanmu, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida, ya kuma hore wa kowannenmu muhalli na halal. Amin.