Labarai Sun Koma Cikin Waya: Kada Mu Saurara Mu Kaɗai

Bahaushe ya ce idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Mu mutanen karkara mun daɗe da sanin gaskiyar wannan magana, domin mafi yawan iyayenmu ba su iya karanta jarida ba, amma babu abin da zai faru a duniya su kwana ba su ji shi ba. Rediyo ce ta yi musu wannan gata. Sashen Hausa na BBC ya fara magana tun 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Daga Bichi har Ɗambatta, daga Makoɗa har Kunchi, da wuya ka ga manomin da ba shi da 'yar akwatinsa, wani ma har gona yake tafiya da ita ya rataye a reshen gawo.

To, yanzu ga wani sabon abu ya shigo, wanda yara suke kira podkas. Wato shiri ne na magana irin na rediyo, amma ana ajiye shi a intanet, mutum ya sauke shi cikin wayarsa ya saurara lokacin da ya ga dama. Jaridar Aminiya tana da irinsa guda biyu cikin Hausa, "Najeriya A Yau" da "Daga Laraba". Tashoshin ƙasashen waje ma suna ajiye shirye-shiryensu na safe da na yamma ta wannan hanya, haka kuma gidajen rediyon Kano kamar Freedom, wadda ta buɗe a 2003, suna sanya nasu a Facebook da YouTube. Ra'ayinmu shi ne abin nan yana da amfani ƙwarai, ya kuma kamata mu karɓe shi. Sai dai akwai wani abu mai daraja da muke shirin yasarwa garin karɓarsa, shi ne sauraro tare.

Bari mu fara da amfanin. Rediyo ba ta jiran kowa. Da damina, lokacin da noma ya kankama, mutum yakan dawo gida a gajiye, kafin labaran ƙarfe takwas da rabi na dare barci ya kwashe shi. Mata kuwa suna can wajen daka da girki a daidai lokacin da ake karanta labarai. Shirin da ke cikin waya yana jiranka. Idan ba ka fahimci wata magana ba, sai ka mayar da ita baya ka sake ji. Na biyu, irin waɗannan shirye-shirye sukan ɗauki batu ɗaya su tsaya a kansa, su kira masana, su kira waɗanda abin ya shafa. Da aka canza fasalin takardun naira a ƙarshen 2022, da kuma da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya ji a jikinsa, daga kuɗin mota zuwa kasuwar Dawanau har kuɗin niƙa. Amma jin zafi daban, sanin dalilin zafin daban. Kanun labarai na minti biyu ba za su bayyana maka dalili ba, sai shiri mai tsawo.

Na uku kuma, wanda ya fi su duka, shi ne binciken ƙwaƙwaf. A 2018 BBC ta fitar da bincike a kan yadda ake sayar wa matasa maganin tari mai kodin a Kano da wasu garuruwa, ba a yi kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. A watan Oktoba na shekarar, Ja'afar Ja'afar na jaridar Daily Nigerian ya fitar da hotunan bidiyo da ake zargin suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Gwamnan ya musanta, majalisar dokokin jiha ta kafa kwamiti, kotu ta dakatar da binciken, shi kuma ɗan jaridar ya bar ƙasar a 2021 yana cewa ana barazana ga ransa. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka a wannan magana, dole ya yarda cewa aikin tono gaskiya yana da tsada, masu yinsa kuma suna sa wuyansu. A 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta a kan 'yan bindiga. A Nijar gwamnatin soja ta rufe RFI a 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Muryar Amurka ma ta yi shiru a watan Maris na 2025, bisa umarnin shugabansu. Ashe muryar da muka saba ji tana iya ɗaukewa dare ɗaya, don haka yana da kyau a ce ƙofofin labari sun fi ɗaya.

To, ina matsalar take? A da, rediyo ɗaya ce a majalisa. Mutum goma suna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, kowa ya ji abu ɗaya. Ana gamawa sai muhawara ta tashi. Wanda ya taɓa zama a Legas ya gyara wa wanda bai taɓa wuce Kano ba, tsohon soja ya ce wannan magana ba ta yi kama da gaskiya ba, malamin firamare ya fassara kalmar da ta shige wa mutane duhu. Majalisar nan ita ce rariyarmu, da ita muke tankaɗe labari kafin mu kai shi gida. Yau kuwa kowane yaro ya toshe kunnensa da abin sauraro, yana jin nasa shi kaɗai, babu mai ce masa a'a.

Abin da ya ƙara muni shi ne, a cikin waya ɗaya ɗin nan shirin ƙwararrun 'yan jarida yake zaune kafaɗa da kafaɗa da saƙon murya na WhatsApp wanda ba a san mai shi ba. Dukansu murya ce ta Hausa, dukansu suna magana da ƙarfin zuciya, wanda bai lura ba sai ya ɗauka duk ɗaya ne. Alhali kuwa bambancinsu kamar na hatsi ne da ƙaiƙayi. Mu tuna da watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa sun kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Mu tuna kuma da jita-jitar da ta sa aka dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, abin da ya bar yara da yawa da nakasa har abada. A wancan lokacin ma wayar ba ta kai ko'ina ba. Yau da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, saƙon ƙarya guda ɗaya yana iya sa gari ya watse ya bar amfanin gona a fili, ko ya sa a far wa baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu kuma da muke zaune 'yan tsiraru a tsakanin maƙwabtanmu Musulmi, muna shan ruwan rijiya ɗaya muna cin kasuwa ɗaya, mun fi kowa sanin abin da ƙaramar magana take iya haifarwa.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Kafin mu yarda da kowace murya, mu tambaya: wane ne mai magana, kuma a wace kafa yake aiki? Shiri na gaskiya yana faɗin sunansa da na gidansa, yana faɗin ranar da abu ya faru da wurin, yana kuma neman jin ta bakin wanda ake zargi. Idan ya yi kuskure akwai inda za a je a same shi. Muryar da ta fara da "an ce", ta ƙare da "a tura wa kowa da kowa", ita ce ya kamata ta mutu a cikin wayarka. Ko shirin da muka amince da shi ma, kada mu tsaya a kansa shi kaɗai, domin kowace kafa tana da mai ita, mai ita kuma yana da abokai. A ji biyu ko uku a gwada.

Sannan mu maido da majalisa. Kuɗin data ya ƙaru tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ga kuɗin caji, ga wuraren da sabis ba ya kai wa sai an hau tudu. Ba kowa ne zai iya ba, kuma ba dole ne kowa ya saya ba. Matashi ɗaya da ya je kasuwar Ɗambatta ko Bichi zai iya sauke shirye-shiryen mako, da yamma a sa a 'yar lasifika, dattawa da matasa su ji tare. Zumuntar mata ma za ta iya ware ɗan lokaci bayan taronta don shirin da ya shafi lafiya ko farashin abinci. Yaro ya kawo waya, dattijo ya kawo hankali da sanin jiya. Maƙwabci kuma, ko wane ne shi, a shimfiɗa masa tabarma.

A ƙarshe muna kira ga masu shirya waɗannan shirye-shirye da su riƙa leƙo karkara. Rikicin jam'iyyu a Abuja yana da muhimmanci, amma mu ma muna so mu ji inda takin gwamnati yake maƙalewa kafin ya iso hannun manomi, da dalilin da ya sa asibitin ƙauye ba shi da magani, da halin da madatsar ruwa ta Watari take ciki. Mu kuma kada mu jira sai sun zo. Yawancinsu suna da lambar da ake aika saƙo. Idan gadar garinmu ta karye, ko makarantar yaranmu ba ta da malami, mu faɗa musu da sunan gari da rana, ba ƙari ba ragi, don a san cewa abin da ya fito daga bakinmu abin dogara ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.