Kafin mu jefar da tsohuwar kwamfuta, mu duba manhajar da ke kanta

'Yan uwa, yawancinmu da ke zaune a Legas da Ibadan kwamfutar tokumbo muke saya, a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba. Mukan duba batir da allo, mu yi ciniki, mu biya. Abin da ba ma tambaya shi ne: har yaushe kamfanin da ya yi babbar manhajar da ke tafiyar da ita zai ci gaba da kula da ita?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tura gyaran tsaro kyauta ga Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma duk ƙofar da 'yan kutse suka gano daga yanzu a buɗe za ta zauna. Mai shiga asusun banki ko mai ajiye takardun ƙungiya a kanta, ya san da wannan.

Komawa Windows 11 kuma ba kowace kwamfuta ke iyawa ba. Tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma in furosesan na Intel ne, sai daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Da yawa daga cikin HP da Dell ɗin da ke shagunanmu sun girmi wannan. Apple ma ya sanar cewa macOS 26 ce ta ƙarshe ga Mac masu furosesan Intel.

A ganinmu, a nan Linux ta yi musu fintinkau. Linux Mint 22 kyauta ce, tana tafiya a kwamfutar da ta haura shekara goma in tana da ram na gigabait 4, kuma za ta samu gyaran tsaro har 2029. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Ga ɗalibi, ga makarantar Islamiyya, ga sakataren ƙungiya, wannan ya wadatar.

Sai dai ba kowa ta dace da shi ba. Mai shagon buga takardu da abincinsa ke kan CorelDRAW, Windows yake buƙata, don haka ya tara kuɗi ya sayi wadda za ta ɗauki Windows 11.

Shawararmu biyu ce. Mai shirin saye ya sa a buɗe masa bayanan kwamfutar a gabansa, ya ga zubin furosesan kafin ya miƙa kuɗi. Mai tsohuwa a gida kuma kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya kwafe takardunsa, ya nemi matasanmu masu gyara su gwada masa Linux daga filasha, tunda ana iya ganin aikinta ba tare da an goge komai ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya sa mu dace.