Toka Ba Ta Shanye Hayaƙin Wutarta

Yau zancenmu a kan toka yake, ba ta murhun girki ba, tokar kwal wadda manyan tashoshin lantarki suke tarawa tuli-tuli.

Kun dai san in aka ƙona kwal, wata iska takan fita wadda masana suke kira kabon dayoksaid. Ita ce take taruwa a sararin sama tana riƙe zafin rana, har damina ta rikice, fari ya yawaita. To, masana sun gano cewa wata tokar kwal tana ɗauke da sinadarin kalsiyam. In aka jiƙa ta da ruwa, aka bi da wannan iska ta cikinta, sai su haɗu su daskare, su zama irin dutsen nan da ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Iskar da ta zama dutse kuwa ba ta komawa sama, sai fa in an sake gasa dutsen da wuta mai tsanani.

Dabara ce mai kyau, amma ina roƙonku ku yi lissafi tare da ni. Tan 1 na kwal mai kyau yakan fid da fiye da tan 2 na wannan iska. Tokar da yake bari ba ta cika wuce kilo 200 ba, ita kuma ko mai yawan kalsiyam ce, abin da za ta shanye bai kai rabin nauyinta ba. Watau mafi yawan iskar ya riga ya tsere. Saboda haka duk wanda ya ce a gina sabuwar tashar kwal tun da toka za ta share ɓarnar, lalle yana ruɗin kansa.

Ku dubi abin da ya faru a Dubai, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. An gina tashar lantarki ta Hassyan, mai ƙarfin megawat 2,400, da niyyar ƙona kwal. Amma a shekarar 2022 hukuma ta sanar da cewa gas kaɗai za a riƙa ƙonawa. Gas ma yana fid da iskar, sai dai kimanin rabin ta kwal, kuma ba ya barin toka. A wannan birni ne kuma, a 2023, ƙasashen duniya suka yarda a taron COP28 cewa a fara janyewa daga kwal da mai da gas. A ganina, abin da aka yi a Hassyan ya fi kowace dabarar toka amfani.

Ko wannan yana nufin a watsar da binciken? A'a. Tokar da aka riga aka tara tana nan, iska tana kwasarta, ruwan sama yana wanke gubarta zuwa rijiyoyi. A Nijar ma, kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal kusa da Agadas tun farkon shekarun 1980. Ya kamata jami'o'inmu su auna irin wannan toka, su ga ko za ta sha iskar, ko a yi bulo da ita. A yi maganin tokar jiya, amma kada a mai da ita hujjar hura sabuwar wuta.