Kwangilar Filin Jirgin Sama: A Auna Kafin A Sa Hannu

A watan Nuwamba na 1925 ne jiragen sama uku na mayaƙan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne jirage na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. Daga 1936 aka soma jigilar fasinja da wasiƙu ta nan. Har yau filin jirgin sama na Kano, wanda ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, shi ne ƙofar alhazai zuwa Ƙasa Mai Tsarki, kuma hanyar fataken Kurmi da Kantin Kwari zuwa kasuwannin duniya.

Mutanen birni sun san abin da haɗarin jirgi ke nufi. Ran 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ran 4 ga Mayu, 2002, wani jirgin ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, fiye da mutum ɗari suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da waɗanda ke zaune a ɗakunansu. Kowane ne sanadin waɗannan masifu, darasinsu ɗaya ne: filin jirgin yana maƙwabtaka da jama'a, saboda haka duk aikin da za a yi a cikinsa, na titin sauka ne, ko fitilu, ko na'urori, magana ce ta rayuka. Wanda ya zauna zaɓen ɗan kwangilar irin wannan aiki ya ɗauki amana mai nauyi.

Doka ba ta bar ma'aikaci cikin duhu ba. Dokar Bayar da Kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta wajabta a yi shelar aiki, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, kuma a auna su da ma'aunin da aka bayyana tun farko. Abin da dokar ta ce a zaɓa shi ne mafi sauƙin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. To, a nan ne ake yawan yin tuntuɓe, domin wasu kan riƙe maganar sauƙin farashi su manta da cika sharuɗɗa. Araha ba ta ado. Ɗan kwangilar da ya karya farashi don ya ci tanda, sau da yawa shi ne zai dawo bayan shekara yana neman ƙari, ko ya rage siminti da kwalta, ko ya watsar da aikin bayan ya karɓi kuɗin kafin alƙalami.

Saboda haka wajibi ne kwamiti ya fara duba ƙwarewa kafin ya dubi kuɗi. Shin kamfanin ya taɓa gina titin jirgi, ko kuwa hanyar mota kaɗai ya sani? Injiniyoyin da ya lissafa nasa ne, ko aron sunansu ya yi? Yana da kayan aiki da ƙarfin jari? Tsarinsa ya dace da ƙa'idojin ICAO, watau hukumar sufurin jiragen sama ta duniya? Ya yi tanadi domin hazon hunturu da zafin bazara na Kano? Sai wanda ya haye waɗannan za a buɗe ambulan ɗin farashinsa.

Ba kowace ma'aikata ke da masanan da za su amsa waɗannan tambayoyi ba, shi ya sa ake ɗauko mashawarta: injiniyoyi, da lauyoyi, da masana harkar kuɗi. Amfaninsu ya fi yawa kafin a yi shela, lokacin da ake zana aiki da rubuta sharuɗɗa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 2013 Gwamnatin Tarayya ta ci bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin don gina sababbin gine-ginen fasinja a Abuja, Legas, Kano da Fatakwal. Daga baya hukuma da kanta ta bayyana cewa ginin Abuja ya tare wa hasumiyar kula da jirage gani, na Legas kuwa filin ajiye manyan jirage ya yi masa kaɗan. Irin wannan kuskure a kan takarda ake kama shi da fensir. In ya zama bulo da ƙarfe, sai da miliyoyi. A ɗaya gefen kuma, sa'ad da aka rufe filin Abuja a watan Maris na 2017 don sake shimfiɗa titin sauka, aka karkatar da jirage Kaduna, an gama cikin mako shida da aka ɗiba. Bambancin shi ne an san iyakar aikin, an yanka wa'adi, kuma idon jama'a yana kai.

Amma fa mashawarci ba shi ne mai yanke hukunci ba, kuma rahotonsa ba ya maye gurbin yardar jama'a. Maganar jinginar da filin Kano ta isa misali. A watan Oktoba na 2022 aka bayyana rukunin kamfanin Corporación América Airports a matsayin wanda ya yi nasara a Abuja da Kano. A watan Mayu na 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, Majalisar Zartaswa ta amince da jinginar Kano na shekara 30, da kuɗin farko dala miliyan 1.5. Ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan majalisa suka yi ca, kuma a watan Agusta na wannan shekara sabon Ministan Sufurin Sama, Festus Keyamo, ya dakatar da shirin. An bi matakai, an ɗauki mashawarta, amma da yake ba a gamsar da jama'a kan yadda aka kai ga wannan farashi ba, wahalar shekaru ta tsaya cik.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. A zaɓi mashawarci ta hanyar gasa kamar yadda ake zaɓen ɗan kwangila, ya kuma rubuta cewa ba shi da wata alaƙa da masu nema. Kada a ɗaura ladansa kacokan a kan ƙulluwar ciniki, don kada ya zama dillali mai son a sallama ko ta halin ƙaƙa. A buga ma'aunin tantancewa kafin buɗe tanda, a buga makin kowane kamfani bayanta. A haɗa shi da injiniyoyin FAAN da na ma'aikata su yi aiki tare, yadda in ya tafi ilminsa zai zauna. Gwamnatin Jihar Kano da 'yan kasuwa kuma su nemi a ji ta bakinsu tun da wuri, ko da yake filin na Tarayya ne.

Ɗaliban injiniya da lauya da akanta na Jami'ar Bayero da sauran makarantu su lura cewa nan gaba su ne za su zauna a waɗannan kwamitoci. Ma'aikacin da ke kan kujera yau kuwa ya tuna cewa mashawarci zai karɓi ladansa ya koma garinsu, ɗan kwangila zai kwashe motocinsa, amma sa hannun da ke cikin fayil nasa ne, kuma shi za a tambaya, a nan duniya da gobe Ƙiyama.