Kambodiya na da makarantar shinkafa, Bonkuku na buƙatar ta dankali

Wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge a ƙarshen sanyi, da zarar ya wuce Balleyara ya shiga Bonkuku, buhunan dankalin Turawa ne za su fara tarbarsa. Garin yana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ba ya nisa da ƙasa, kuma noman rani ya daɗe da zama abin alfaharin mutanen Imanan. Sai dai hanyar da dankalin ke bi ya bar gari, ita samari ke bi su tafi cin rani, kuma dukansu ɗanyu suke fita.

Dankalin yana isa Yamai, wani ya fere shi ya soya, ya zuba a faranti, kuɗinsa ya ninka, ribar ta zauna a birni. Saurayin kuwa ya sauka Yamai ko Kwatano ko Akara ba sana'a a hannu, sai dako, sai gadi, sai wanke-wanke a bayan gidan abincin da ake soya dankalin garinsu. Ƙanwarsa ta tafi aikatau.

A garin Siem Reap na ƙasar Kambodiya, kusa da tsohon wurin ibadar Angkor Wat da ke jan baƙi daga ko'ina, akwai wata makaranta mai suna Sala Baï, ma'ana makarantar shinkafa. Wata ƙungiyar agaji ta Faransa, Agir pour le Cambodge, ta buɗe ta a 2002. Duk shekara tana ɗaukar matasa kusan 150 daga gidajen da ba su da galihu, kashi 70 cikin ɗari 'yan mata, ta koya musu girki da hidimar teburi da gyaran ɗaki da tarbar baƙo, cikin kimanin shekara guda, ba tare da sun biya ko sisi ba. A Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ƙungiyar Friends-International ta yi irin wannan da yaran titi.

Abin koyi a nan shi ne tsarin. Ana zuwa har gida a tabbatar yaron talaka ne, don kada 'ya'yan masu hali su cinye gurbin. Ana ɗauke masa ci da kwana, domin mai jin yunwa ba ya zaman aji. Makarantar tana da gidan abinci da masauki nata, inda baƙo na gaske ke biyan kuɗinsa, ya kuma yi ƙorafi idan miya ta yi gishiri. Sannan akwai watannin gwaji a otal-otal, waɗanda sau da yawa nan ɗalibi ke samun aiki. Wannan ya sha bamban da horon kwana goma da aka saba gani a Sahel: a raba takardar shaida, a ɗauki hoto da babban baƙo, kowa ya kama gabansa.

Amma duk wanda ya ce a kwafo Siem Reap a dasa a ƙasar Kurfeyawa bai kalli lissafin ba. Kambodiya ta karɓi baƙi miliyan 6.6 a 2019. Da korona ta zo, adadin ya faɗi ƙasa da dubu 200 a 2021, otal-otal suka rufe, ma'aikata suka koma ƙauye. Nijar ta ɗanɗana nata. An buɗe manyan otal irin Radisson Blu a Yamai saboda taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, sai ga harin Kure na 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a dajin raƙuman dawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 baƙin Turai suka ƙara raguwa. Makarantar da za ta jingina da ɗan yawon buɗe ido, ta jingina da inuwar giginya.

Kasuwar gaske tana gida. Yamai na ci sau uku a rana, da rikici da babu. Akwai gidajen abinci na unguwa, da tashoshin mota, da bukukuwan aure da suna da yanzu ake ba masu girki kwangila, da taron ma'aikata. Abin da waɗannan wurare ke nema ba shi da yawa, amma samunsa wuya: mai tsafta, mai iya auna kaya ya san nawa faranti ɗaya ya ci masa, mai sanin yadda ake ajiye nama lokacin da wuta ta ɗauke, mai amsa wa baƙo ba da ɗaure fuska ba. Wanda ya iya waɗannan, ko Abijan ya je, ba daga bakin kwatami zai fara ba.

Babban cikas ɗin ba kuɗi ba ne, baki ne. Namiji ya ɗauki ludayi, a kira shi ɗan daudu. Budurwa ta ce a otal take aiki, a fara kallon uwarta. Abin mamaki, al'ummar da ke wannan gori ita ce ba ta ga laifin mai tsire da mai shayi da mai kilishi ba, alhali duk wuta suke hurawa. Ita ce kuma ke sakin 'yar shekara goma sha uku ta tafi gidan da ba wanda ya sani, ba albashi tsayayye, ba mai bin kadinta. Tsoron iyaye game da 'ya mace ba wasa ba ne, kuma ba a kawar da shi da lacca. Ana kawar da shi da ɗakin kwana mai uwar ɗaki da iyaye suka sani, da yarjejeniya a rubuce da mai ɗaukar aiki.

Wa zai biya? Nijar na da asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a, akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, waɗanda galibi ɗinki da walda da kafinta suka fi ba ƙarfi. Ƙara girki da hidimar baƙi a cikinsu ba sai an jira Bature ba. Sauran kuma yana hannun 'yan asalin Imanan da Kurfai da ke zaune a Yamai da gaɓar teku, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don masallaci ko rijiya ko jinyar ɗan'uwa.

Tun da jihar Tilaberi na fama da rashin tsaro, ba dole ginin farko ya kasance a Bonkuku ba. Gidan abinci ɗaya a Yamai ya isa a fara: ɗalibai ashirin daga ƙauyukan Imanan, ƙwararren mai girki ɗaya, da ɗakunan kwana biyu a baya. Dankalin kuma a saye shi kai tsaye daga gonakin iyayen ɗaliban, a farashin da aka yanke tun kafin a haƙe shi.