Kafin Ka Sayi Katin Hoto, Ka Fara Duba Wutar Gidanku

Raina a ɓace yake tun ranar Talata, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ɗan ƙanena ne ya taso daga Zadawa da sassafe a kan mashin, rungume da kwamfutar da ya haɗa da hannunsa, ya naɗe ta a bargo. Ko da ya sauke ta a zaure ban buƙaci a kwance ta ba, ƙaurin robar da ta ƙone ya riga ya ba ni labari. Kuɗin riɗin da ya noma a daminar bara, da ɗan abin da ya tara a rumfar cajin waya, duk a cikinta ya zuba. Ko wata guda ba ta yi tana aiki ba.

Na ce masa, "Ɗana, yaya aka yi?" Ya ce, "Wallahi Baffa, ina tsakiyar buga ƙwallo aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, sai na ji fat, sai hayaƙi." Na tambaye shi wa ya zaɓa masa kayan. Ya ce a YouTube ya ga wani Bature ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan shi ne haɗin mai ƙaramin ƙarfi. Shi kuma ya rubuta sunayen, ya tura wa wani mai sayarwa ta waya, ya biya, aka sako masa kayan a mota ya karɓa a tashar Azare.

Da muka buɗe, ga abin da muka tarar. Akwati mai gefen gilashi, da fankoki masu fitilu kala-kala. Katin hoto RX 580 mai giga 8, wanda aka ce masa sabo ne dal. Ram guda ɗaya tal. Can a ƙasa kuma ga ɗan akwatin nan da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran sassa, wanda masu gyara ke kira fawa fak, ba sunan kamfani a jikinsa, ba nauyi a hannu, sai wata takarda da aka manna aka rubuta wat 650. Mai sayarwar ya ce masa kyauta ne, tare da akwatin yake zuwa. Wannan kyautar ce ta ci masa madabod da katin hoton a dare ɗaya.

Ban ga laifin yaron ba, kuma Baturen ma ba ƙarya ya yi ba. Da mutanensa yake magana, masu zama a ɗakin da wuta ba ta ƙiftawa, ga sanyi, ba ƙura. A can, idan an ce a zaɓi kayan kwamfutar wasa, ana farawa da katin hoto, a bi da furosesa, a ƙare da fawa fak. Mu a Azare, da Misau, da Giade, da Shira, daga ƙarshen jerin ya kamata mu faro. Tambayar farko ita ce: da wace wuta za ka kunna ta? Duk wanda bai amsa wannan ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna.

Kowa ya san wutarmu. Bolt 230 ya kamata ta zo, amma sau nawa kuka ga ƙwan fitila ya yi ja kamar zai mutu, fanka tana juyawa da ƙyar? Sau nawa aka kawo ta da ƙarfin da ya kashe talabijin a layi guda? Fawa fak na kirki yana da masu tsaro a cikinsa: idan wuta ta yi yawa, ko ta yi ƙasa, ko waya ta haɗu, yakan kashe kansa ya tsirar da sauran kayan. Na banza ba shi da ko ɗaya, duk abin da ya shigo shi zai miƙa wa madabod. Lambar da aka rubuta a jikinsa ma sau da yawa ba gaskiya ba ce, wanda aka ce 650 yana iya durƙushewa kafin ya kai rabin haka. Shi ya sa nake cewa a nemi na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI, mai shaidar 80 Plus a jiki, ko da wat 450 ko 550 ne. Shaidar ba ta nufin ba zai taɓa lalacewa ba, amma ta nuna an gwada shi a wani wuri. A haɗa masa da sitabilaiza, in da hali a ƙara UPS, wanda zai riƙe ta minti kaɗan har a kashe ta cikin natsuwa. Wanda ya sa katin hoto mai tsada a kan fawa fak na kyauta, ingarman doki ya saya ya ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya.

Kada kuma wani ya ce ai yana da inji. Ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, wutarsa hawa da sauka take yi, duk lokacin da wani ya jona abu mai nauyi a gidan sai ta girgiza. Ga kuɗin man. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, wa zai ƙona fetur na awa huɗu kullum saboda ƙwallon kwamfuta? Saura sola, wadda yanzu ta cika rufin gidaje da shaguna. To a nan ne lissafin yake, kuma shi ne lissafin da ba za ka ji a bakin mai sayarwa ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe abin da ya kai wat 2,400 na awa ɗaya a takarda, amma irin na ruwa da aka fi amfani da shi, idan ana so ya daɗe, rabi kawai ake sha, wato 1,200. Katin RX 580 shi kaɗai wat 185 yake ja idan wasa ya yi zafi. Ka haɗa da furosesa da allo da fankoki, kana wajen 300. Cikin awa huɗu ka shanye batirin gidan, ba fitila, ba fankar da iyayenka za su kwana da ita a watan Afrilu. Kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban kuwa, da allonta da komai wajen wat 100 take ci, batirin guda zai kai ta ninki uku na wancan lokaci.

Yanzu bari in zo kan shi wannan kati, domin nan ne jinina ya fi tafasa. A shekarar 2017 kamfanin AMD ya fitar da RX 580. Kati ne mai kyau a zamaninsa, ba na musu. Amma shi ne ɗaya daga cikin waɗanda masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suka fi wawasa, suka jera su ɗari-ɗari a rumbuna suna aiki dare da rana shekara da shekaru. A ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsari, haƙarsa da katin hoto ta ƙare, aka kwaso waɗannan gajiyayyun katuna aka watso su kasuwar duniya. Wasu an wanke su ne kawai. Wasu an ciro ƙwaƙwalwar an ɗora a kan sabon allo, an sa sabuwar riga da sunan kamfanin da ba wanda ya taɓa ji, an rufe a kwali mai sheƙi. Da yawa ma nau'in da ake kira 2048SP ne, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne, sunan kawai aka ara. Wannan shi ake miƙa wa yaran talakawa a ce sabo ne.

Ina magana da ku kai tsaye, masu wannan sana'a. Sayar da na hannu ba haramun ba ne, rabin abin da ke gidajenmu ɗan Kwatano ne, kuma muna godiya. Amma ɓoye aibin haja ha'inci ne, kun sani, malamai sun faɗa, iyayenku sun faɗa. Yaron da ya sunkuya a gona wata huɗu, ya yanke riɗi, ya kaɗe, ya kai kasuwa, ka karɓi kuɗinsa ka ba shi kayan da ka san kwanansu ya kusa ƙarewa, sannan da ya kira ka ka ce ai wutar garinsu ce, ka kashe waya. Wutar garinsu ce, gaskiya ne, amma kai ka san da ita lokacin da kake cusa masa fawa fak ɗin da ko rediyo ba za ka yarda ka jona da shi a gidanka ba. Wannan kuɗin ba zai yi maka albarka ba.

Na san akwai iyayen da za su ce wasan kwamfuta ɓata lokaci ne, Allah ya ƙara. Yaron da ya bar salla ko karatu saboda gem a tsawata masa, wannan ba gardama. Sai dai ga matsayina, kuma ban gaji da maimaita shi ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau muna kai yara daga ƙauyukanmu ɗakin jarrabawa alhali ranar ce suka fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa mana a Azare a 2021. Garin ɗalibai ne, kowa da kwamfutarsa, kowace kuma wata rana za ta buƙaci gyara. Yaron da son ƙwallo ya sa ya koyi bambancin ram da SSD, ya iya ɗora furosesa ba tare da ya lanƙwasa mata ƙafa ba, ya iya saka Windows da kansa, ya riga ya kama hanyar sana'a. Da ya yini a majalisa yana gardamar siyasa, gara ya yini da sukuddireba a hannu. Abin da nake ƙi shi ne a karya masa gwiwa tun a haɗin farko.

Sai zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40 a nan, a ɗaki mai rufin kwano kuwa ba a magana. Akwatin da aka toshe gabansa da gilashi don ado iska ba ta shiga, kayan ciki suna dahuwa, furosesa ta rage gudu don ta ceci kanta, wasan ya dinga tsinkewa. A nemi mai raga a gaba, da fanka biyu marasa fitila. Idan hunturu ya shigo a ɗaga ta daga ƙasa, a rufe ta da ƙyalle in an kashe, a dinga hure ta da bulowa lokaci-lokaci.

Da ni ne mai ƙaramin kuɗin, ga abin da zan saya. Furosesa Ryzen 5 5600G, wadda ta shigo kasuwa a 2021, mai ƙwaƙwalwa shida, mai cin wat 65, da sashen hoto a cikinta, ba sai an sayi kati ba. Za ta buga GTA V da eFootball idan an rage ƙyallin hoton, kuma su ne dai abin da yawancin yaranmu ke nema. Madabod mai sauƙi na B450, a tabbatar mai shagon ya sabunta masa BIOS ya karɓe ta. Ram giga 16, amma guda biyu masu takwas-takwas, domin irin wannan furosesa da ram take aron wurin ajiye hoto, kuma guda biyu sun fi guda ɗaya sauri nesa ba kusa ba. SSD mai giga 512. Fawa fak na kirki, da sitabilaiza. Ramin katin hoto yana nan a buɗe, duk shekarar da Allah ya hore a cike shi, lokacin an riga an san halin wutar gidan.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, kada ya raina tsoffin kwamfutocin ofis na Dell OptiPlex da HP da ake shigo da su. An ƙera su ne don su yini a kunne, kuma fawa fak ɗinsu na kamfani ne. A zaɓi mai babban akwati, a sa mata GTX 1650, katin 2019 mai cin wat 75, nau'in da ba ya buƙatar wayar wuta ta daban. Abu ɗaya za a kula: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance, idan furosesar Intel ce, sai ta zubi na takwas zuwa sama. Don haka idan aka ce maka "Core i7 ce" kada sunan ya ruɗe ka, ka tambayi zubi na nawa. I5 ta takwas ta fi i7 ta uku amfani a yau.

Duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuskure ɗaya ya isa ya cinye aikin shekara. Saboda haka ban yarda da sayen irin wannan kaya ta waya a sako a mota ba. Ka yi asubanci ka bi ta Jama'are da Wudil ka shiga Kano, ka je titin Beirut da ƙafarka, ka tafi da wanda ya san kan abin. A haɗa ta a gabanka, a kunna wasa mai nauyi ya yi rabin awa, a buɗe manhajar da ke nuna zafin kati da ainihin sunansa ka gani da idonka. A rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar kowane sashe da kwanakin garanti. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan, ka fita ka shiga na maƙwabcinsa.